Ba-ka-kwana ya daina mutuwa

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Ba-ka-kwana, Ba'amurken da ya ƙare rayuwarsa yana mutuwa a fim don ya ci abinci, har ta gasken ta zo ta same shi a gadon wani asibiti nan Doha. Ba zan rubuta sunansa na gaskiya ba, 'yarsa ta roƙe ni. Ko na rubuta ma ba sanin sa za ku yi ba. Amma duk wanda ya taɓa zaman benci a silima a Arewa, zamanin fina-finan kaboyi da na yaƙi, ya san fuskar: dogon mutum mai ramammen kumatu, idanunsa kullum kamar yanzu aka gama yi masa ta'aziyya.

Ni da rubutu sai dole. Aji biyu na yi a firamare, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Sauran a ajin yaƙi da jahilci na tsinta, kuma har yau ban tabbatar da wanda ya ci yaƙin ba. Abin da ya zaunar da ni yau wata tambaya ce da 'yarsa ta ɗora mini bara. Likitar yara ce a nan, Likita nake ce mata. Wani kamfani a ƙasarsu ya nemi izininta ya kwashi fuskar mahaifinta da muryarsa ya zuba wa kwamfuta, a riƙa fito da shi a sababbin shirye-shirye kamar yana raye. Ta ce ta rasa yadda za ta yi. Ta ce ni ne mutum na ƙarshe da ya saki jiki da shi, don haka in gaya mata abin da zai ce da yana nan, kuma abin da na faɗa shi za ta yi. Kun ji irin kayan da ake ɗora wa tsohon da ko maganinsa na hawan jini sai an tuna masa.

Sunana Tanko, kuma a Jos har yanzu akwai 'yan tsirarun tsofaffin da in ka ce Tanko Mai Majigi za su yi tsaki kafin su yi dariya. Ƙuruciyata duk a ɗakin majigi na yi ta, a wata silima da yanzu rabinta coci ce, rabi kuma siton taki. Ni ke ɗora faifan fim, ni ke haɗa zaren in ya tsinke, ni ke shan zagin 'yan kallo in wuta ta ɗauke, sai ka ce ni na ɗauke ta. A lokacin ba mai wahalar da harshensa da sunayen Turawa. Kowane ɗan wasa mu muke raɗa masa suna, gwargwadon halinsa a fim, kuma in suna ya kama, ya kama ke nan daga Jos har Gusau. Shi wannan bawan Allah ba ya taɓa kaiwa ƙarshen fim. Shi ne mataimakin ɗan sandan da ake harbewa a bakin ƙofa. Shi ne sojan da zai ciro hoton matarsa ya nuna wa abokinsa, kowa ya san an gama da shi. Shi ne mai shaidar da zai ce gobe zai faɗi gaskiya a kotu. Yana leƙo da fuska, 'yan benci za su ɗauka baki ɗaya, “Ba ka kwana.” Kuma bai taɓa ba su kunya ba.

Ni ban zo Doha neman aiki ba. Ɗana Bashir, injiniya, shi ya ɗauko ni bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya ajiye ni a wani gidan bene a unguwar Mansura. Shi ne kafil ɗina. Yaron da na sha zanewa saboda fitsarin kwance, yau sai da sa hannunsa nake zaune a ƙasa. Da yake ba ni da aikin yi, in sanyi ya shigo nakan je Corniche, wato bakin teku, bayan hantsi ya fara, in yi tafiyar da likita ya ce in yi, wato in sami benci in zauna ina kallon jiragen ruwan katako.

Nan na gan shi. Wata nas na tura shi a keken guragu, an lulluɓe masa gwiwoyi da bargo. Ya tsufa ƙwarai, gefen bakinsa ɗaya ya karkace, amma idanun suna nan. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, “Ba ka kwana.”

Nas ɗin ta tsaya cak ta juyo. Cikin Hausa rangaɗaɗau ta ce, “Baba, wa kake yi wa mugun baki da safen nan?”

Sista Rifkatu ke nan, 'yar Filato, wadda Likita ta ɗauka ta kula da shi a gida. Na ce mata ba mugun baki ba ne, sunansa ne. Ta ce ita ke ba shi magani kullum, ta san sunansa. Na ce, “'Yata, ke kin san na takarda. Ni na san wanda ya yi suna da shi.”

Sai da ta ƙare mini kallo, ta tabbatar ba tabin hankali ne da ni ba, sannan ta sunkuya ta yi masa bayani. Turancina na fim ne. Na iya cewa a ɗaga hannu sama, na iya cewa a bar gari kafin rana ta faɗi, amma ban iya tambayar mutum lafiyar iyalinsa ba. Saboda haka tun daga ranar har ƙarshe Rifkatu ce bakinmu, kuma na tabbata rabin rashin kunyata a wurinta yake maƙalewa.

Da ya gane abin da nake nufi, ya sa ta maimaita masa. Ya tambaya, wai da gaske akwai wani gari a Afirka da mutane suka san fuskarsa har suka sa masa suna? Na ce ba gari ɗaya ba. Ya juya ya kalli ruwa. Sannan ya ce a ƙasarsu, inda ya yi aikin, mutane kan tsare shi a kanti su ce sun san shi, amma sai su tambaya ko shi ne ya taɓa gyara musu famfo.

Daga nan muka ƙulla. Tarihinsa a guntu-guntu na same shi, a kan bencin nan. Ɗan makaniken tarakta ne daga wani ƙauyen manoma. Ya gudu birni yana saurayi, ya yi wankin kwanuka, ya yi wasan dandamali inda 'yan wasa suka fi 'yan kallo yawa. Wata rana aka rasa wanda zai faɗo daga kan doki, ya ce zai iya. Ya faɗo da kyau, kuma wannan faɗuwar ce ta zame masa sana'a. Da zamanin kaboyi ya wuce ya koma fina-finan yaƙi, da su ma suka ja baya ya shiga talabijin, yana mutuwa a shirye-shiryen 'yan sanda. Da furfura ta fito aka mai da shi majinyaci a shirye-shiryen asibiti. Ya ce wannan ne ƙarin girman da ya samu a duk aikinsa: da a ƙasa yake mutuwa, yanzu an ba shi gado.

Kuma bai ɗauki aikin da wasa ba. Ya ce kowa na iya faɗuwa, wahalar tana bayan an faɗi. Ka kwanta a rana, ƙuda na yawo a leɓenka, ba ka ƙifta ido, ba ka bari cikinka ya motsa, alhali jarumin na tsaye a kanka yana zuba dogon jawabi. Ya ce babban maƙiyin gawa shi ne jarumin da ke manta maganarsa, don sai a ce a tashi a sake mutuwa. Gwiwoyinsa biyu a wannan aikin suka tafi. Ya yi aure, auren ya mutu, shi ma bai kai ƙarshen fim ba. Likita ta girma a hannun uwarta, shi yana wani gari a ɗakin haya, zaune kusa da waya.

Ni ma na ba shi nawa labarin. Na gaya masa akwai wata mutuwarsa da mutanen Jos suka fi so, wadda aka harbe shi a kan bene ya gangaro matakala ɗaya bayan ɗaya, hularsa na biye da shi. In an zo wurin sai silima ta kaure da “A maimaita”, ana buga benci. Ni kuma sai in tsai da majigi, in mai da zaren baya, in sake kashe shi. Wani lokaci har sai manaja ya hau sama ya ce in ban bar mutumin nan ya huta ba ni ma yau ba na kwana a aikin. Na ɗauka zai ji haushi. Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, Rifkatu na bubbuga masa baya tana hararata. Da ya sami numfashi ya ce kafaɗarsa ta goce a wannan matakalar, kuma sai yau ya san ba a banza ta goce ba.

Abin da ba na dariya ba shi ne wayar. Rifkatu ta gaya mini duk safiyar duniya, kafin ya sha ruwa, sai ya tambaya ko an kira. Shekaru sun wuce rabon da wani ya neme shi aiki. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa harshe, waɗanda suka san shi a sana'ar sun mutu ko sun manta, ga shi a wata ƙasa mai nisa. Duk da haka bai yarda a kashe wayar ba, ko ana yi masa wanka sai an ajiye ta inda zai ji. Na taɓa tambayarsa ko akwai aikin da ya taɓa ƙi. Ya yi tunani mai tsawo, ya ce bai tuna ba.

To, yau me zai ce da wannan zamani? Nakan yi wannan tunanin a cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, ina kallon mutane kowa ya sunkuyar da kai a kan tafin hannunsa, kowa da silimarsa shi kaɗai. Ba mai ɗaga murya, ba mai raɗa wa kowa suna. Mutum zai mutu a fim a gaban idon yaro, yaron ya ture shi da babban yatsa ya wuce na gaba. Ina jin wannan zai fi yi masa ciwo fiye da duk harsashin da aka taɓa ɗirka masa.

Likita ta kira ni gidanta wata Juma'a bayan la'asar, ta kira Rifkatu, ta nuna mana samfurin da kamfanin ya aiko. Abin nan ne da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Sai ga abokina a allo, bakinsa ya miƙe, gwiwoyinsa lafiya lau, yana saukowa daga mota yana magana da muryar da na sani tun ina ɗakin majigi. Rifkatu ta tashi ta shiga kicin, ba ta dawo ba sai da aka kashe. Ni na zauna na kalla. Na so in ce bai yi kama da shi ba, don in huta. Ya yi kama da shi. Har yadda yake taɓa kunnensa kafin ya yi magana sun ɗauko.

Na nemi a ba ni lokaci. Bashir ya ce, “Baba, ka ce mata a'a kawai, khalas, shi ke nan. Mutum ya mutu a bar shi ya kwanta.” Ni ma abin da zuciyata ke so ke nan. Amma ba ra'ayina Likita ta tambaya ba. Cewa ta yi in faɗa mata abin da shi zai ce. Kuma duk lokacin da na shirya bakina in ce zai ƙi, sai in tuna mutumin da ake ajiye wa waya a bakin banɗaki.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya mata ba, don ba ta wurin, tana ɗaya ɓangaren asibitin tana duba 'ya'yan mutane. Ciwon ajalinsa na huhu ne, ya daɗe yana jan sa. Ba kyan gani. Mutumin da ya saba mutuwa cikin ƙiftawar ido, ga kiɗa na tashi, sai ga shi wata da watanni ana zuƙe masa majina da roba, ana juya shi kamar buhu don kada bayansa ya yi gyambo. Nakan je bayan azahar in zauna. Wata rana ya yafito Rifkatu, ya daɗe yana haɗa maganar, ita kuma ta daɗe kafin ta juya mini ita.

Ta ce, “Baba Tanko, wai ka ba mutanen Jos haƙuri. Wai ya cuce ku. Ba haka ake yi ba.”

Na ce ta gaya masa mutanen Jos sun yafe, ai da arha suka shiga. Bai yi dariya ba. Ya ce a fim ana ba ka maganar ƙarshe, ana ba ka wanda zai riƙe kanka, kuma ka san lokacin. Nan kuwa ba abin da ake ba ka sai jira. Ya ce ya gaji, kuma da a ce aiki ne, wannan kam da ya ƙi.

Ranar da ya rasu ina zaune kusa da shi. Rifkatu ta fita karɓo magani. Ina ta zuba masa surutu da Hausa, yadda na saba in ba mai fassara, ina ba shi labarin wani faɗa da aka yi a wurin canjin kuɗi a unguwar Najma. Idonsa a buɗe, yana kallon tagar. Ta dawo, ta dube shi, ta ajiye abin da ke hannunta a hankali.

Ta ce, “Baba, ai ya tafi.”

Na ce, “Ina?”

Haka na ce, Allah shaida ne. Ni da na ga mutuwar mutumin nan fiye da kowa a duniya, ni da nake sanin saura ƙiris tun kafin a zaro bindiga, ta gasken ta zo ta wuce ta gabana ina ba gawa labarin 'yan canji. Ba faɗuwa, ba kiɗa, ko kansa bai karkata ba. Aka sa shi a akwati aka kai shi ƙasarsu. Ba addininmu ɗaya ba, lamarinsa na hannun Wanda ya halicce shi, ni dai na san na yi rashin aboki.

Da waɗannan abubuwa biyu, zancen wayar da maganarsa ta asibiti, na koma wurin Likita, Rifkatu na yi mana fassara. Na ce mata, “Likita, ba zan yi miki ƙarya don in ji daɗi ba. Babanki zai yarda. Kafin su gama tambaya zai ce yaushe za a fara.” Ta rufe fuska da hannu, ta ce ta sani, so take wani ya ce mata ba haka ba ne. Sannan na ba ta labarin abin da ya faɗa a asibiti. Na ce wannan aiki ɗaya ne tak na taɓa jin ya ce zai ƙi. In za ki sa hannu, ki kafa musu sharaɗi: su sa shi duk abin da suke so, amma kada su sake kashe shi. Ya yi ta gasken, ya ce ta ishe shi.

A raina dabara na yi. Na lissafa cewa mutumin da ba a san shi da komai ba sai mutuwa, in aka hana su mutuwar, za su ce ba sa so, kowa ya huta, ni kuma ban yi ƙarya ba. Tsohon mai majigi ya zauna a Mansura yana shirya wa kamfanin Amurka tarko. Ko gardama ba su yi ba. Suka ce dama ba mutuwarsa suke nema ba, fuskar kakan da mutane za su ji kamar sun taɓa sani suke so. Ta sa hannu.

An fara nuna shirin. Rifkatu ta ce ita ba za ta kalla ba, ta wanke mutumin nan da hannunta, ta san inda yake. Likita takan kalla, ta ce wani lokaci tana jin sanyi, wani lokaci sai ta kasa cin abinci, don uban da ke allon yana zaune a gida kullum, yana sauraron jikokin da ba nasa ba, abin da ita ba ta taɓa samu ba. Ni sau ɗaya na kalla, a wayar Bashir. Yana zaune a baranda cikin ƙoshin lafiya yana ba da shawara. Na kai har ƙarshe ina jira, tsohuwar al'ada. Aka rubuta sunaye, yana nan zaune. An ce mini makon da ya biyo baya ma yana nan, da na bayansa.

In aka tambaye ni abin da ya rage na abokina, sai in ce fuskar ta rage, kuma za ta daɗe fiye da ni da Likita da jikokinmu. Aikin kansa, wato gwiwar da ta lalace da numfashin da ake riƙewa a rana, wannan ya bi shi, don abin da ke allon bai taɓa jin zafin ƙasa ba. Sunan da muka raɗa masa kuwa yana bakin tsofaffin da ake ragewa duk shekara, kuma yanzu ma ya zama ƙarya. Ni na jawo masa wannan da wayona. Na samo masa aikin da ya mutu yana jira, na kuma raba shi da abu ɗaya da ya iya. Ko gata na yi masa ko mugunta, ban sani ba, kuma wanda zai iya gaya mini yana kwance a wata maƙabartar da ban taɓa gani ba.